Baƙar Giya a Tsakar Gidan Uwata

Shekara tara na yi a gonakin koko a kudu,
na dawo Kaltungo da tabon adda a gwiwa
da rabin buhun ƙwaya mai ɗaci.
Uwata ta shinshina, ta yamutsa fuska:
"Wannan ne kokon naku?
Namu na safe ya fi shi kunya."

Ita shekara arba'in tana dafa burkutu
har hayaƙi ya cinye mata ido.
Yanzu tana zaune bisa kifaffen turmi,
tana duba aikina da kunne.

Na jiƙa dawa kwana biyu,
na shimfiɗa ta a ɗaka, na rufe da jiƙaƙƙen buhu
har ta fid da farin gemu.
Na shanya, na raba uku.
Kashi ɗaya na zuba a kasko
ina juyawa, ina juyawa,
daga ja zuwa ruwan ƙasa,
daga ruwan ƙasa zuwa gawayi saura ƙiris.
"Ankale, abinci kake ƙonawa."
"Da gangan ne, Mama."
"Mahaukaci ma da gangan yake tafiya."

Karon farko wauta na yi.
Na sayi madara wajen Jebbu mai tallan nono,
ɗanya, da ɗuminta,
na tuttula a tukunya ina murmushi.
Kafin la'asar ta tsinke, ta yi gudaji-gudaji
kamar awarar da aka ɓata wa rai.
Aladun Yila ne suka ci biki ranar.

Sai ɗan ƙanena mai aikin kemis a Gombe
ya aiko min farin gari a leda,
sukarin madara, wai yis ba ya iya cinsa.
Duk zaƙin da ke tulu zai lashe,
ya mai da shi kumfa da jiri,
wannan kaɗai zai bari.
Na daɗe ina juya ledar a hannu.
Ashe akwai zaƙin da ba ya zama maye.

Na soya kokon, na ɓare, na daka
har turmi ya yi gumin mai.
Na tafasa, na tace da tsohon ɗankwalinta,
na binne tulu zuwa wuya cikin jiƙaƙƙen yashi,
don zafin garinmu ba ya jiran kowa ya nuna.
Na toshe baki, na zura siririn tiyo cikin kwalbar ruwa.
Ɓul.
Can anjima, ɓul.
Da dare na ji ta tana ƙirgawa daga ɗakinta,
kamar mai jinyar jariri.

"Bai gama magana ba," ta ce ran kwana shida.
Ban ji ba, na ɗura a kwalabe.
Tsakar dare biyu suka fashe,
karnuka suka ɗauka tun daga nan har gindin dutse.
Malam Buba, wanda ko warin abin ba ya so,
ya leƙo ta katanga da tocila:
"Lafiya?"
"Kwalba ce, Malam."
"To, Allah ya shirye ka." Na ji dariyarsa tana komawa ɗaki.

Sauran na bar su mako uku ban ko kalle su ba.

Ranar da na buɗe,
na zuba a ƙwaryarta mai ɗinki a gefe.
Baƙa wuluk, kamar rijiya da dare,
kumfa a sama launin ƙasar gonarmu bayan ruwan fari.
Ta tsoma yatsa, ta lasa.
Ta kurɓa, ta riƙe a baki,
ta daɗe har kaza ta zo ta wuce.

"Wannan ba giya ba ce," ta ce.
Na yi shiru.
"Ɗaci a gaba, zaƙi a baya.
Haka ubanka yake."

Ta miƙo ƙwaryar wajen da take jin numfashina.
"Ƙara.
Kuma gobe, in za ka ƙona dawa,
kira ni in riƙe maka wutar."